Darasin Bakin Murhu: Yadda Ake Koya Wa Iyaye Mata Yaƙi Da Tamowa

A cikin watan Yuli na shekarar 2025, ƙungiyar likitocin nan ta duniya da ake kira Na-Gari-Na-Kowa, watau MSF, ta ba da sanarwa cewa yara 652 ne suka mutu a asibitocin da take kula da su a Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, kuma ciwon tamowa ne sanadinsu. Ta ce da yawa daga cikinsu ba su sami kulawa da wuri ba, sai bayan da ciwon ya riga ya ci jikinsu.

Duk wanda ya san Jihar Katsina tilas ya jinjina wannan labari, domin ƙasa ce ta noma. Daga Funtuwa har zuwa Daura ana noma masara da dawa da gero, ana noma wake da gyaɗa da waken suya, kuma manyan motoci na loda hatsi a kasuwanninta zuwa kudancin ƙasar nan. Gaskiya ne 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu, gaskiya ne kuma tsadar abinci ta karya magidanta. Amma tun kafin waɗannan fitinu su kunno kai tamowa tana nan zaune a gidajen manoma, har da gidajen da rumbunsu bai taɓa zama wayam ba.

Binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihohin Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, a Jihar Kebbi ita kaɗai kashi 66, alhali a Jihar Anambra kashi 14 ne. Da aka sake irin wannan bincike a 2023 zuwa 2024, sai aka tarar adadin ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa kashi 40. Wani abin lura a binciken na 2018 shi ne, cikin yara 'yan wata shida zuwa wata 23, kashi 11 kacal ne ke samun abinci mai isasshen iri da isasshen yawa kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara.

Wannan ne ya sa ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna haɗa iyaye mata a ƙananan asibitoci, ko a zauren mai unguwa, ko a tsakar gidan wata dattijuwa, a hura wuta, a ɗora tukunya, a dafa abincin yaro a gaban idonsu. Aiki ne maras kwarjini, ba ya shiga kanun labarai, amma yana da dogon tarihi, kuma yanzu akwai shaida a kan inda yake amfani da inda yake kasawa.

CIWON DA KAKANNI SUKA SANI

Hausawa ba baƙin tamowa ba ne. Tsofaffi sun daɗe suna danganta ta da kwanika, watau mace ta sami ciki tana goyo, a yaye yaron ba shiri, ya bi ya lalace. Abin mamaki, irin wannan fahimta ce ta ba ciwon sunan da likitocin duniya suka san shi da shi. Wata likita haifaffiyar Jamaika, Dokta Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Akara ta ƙasar Gana tun zamanin Turawa, ta rubuta bayanin ciwon a 1933, sa'an nan a 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiyoko, ma'ana ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Ta lura cewa yaran da ke kumbura, gashinsu ya yi ja, fatarsu ta riƙa saɓulewa, yara ne da aka cire daga nono aka bar su da kokon masara zalla.

Bayanta, wani likita Bature, Dokta David Morley, ya zauna a ƙauyen Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yanzu, tun daga 1956. A can ne ya kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kuma ƙirƙiro katin awon nauyi wanda uwa ke ajiyewa a gida, ana zana girman ɗanta a kai wata-wata. Katin nan da ake ba mata a wurin awo har yau jikan wancan ne. Hikimarsa ita ce uwa ta ga da idonta cewa layin ɗanta ya daina hawa, tun kafin jikinsa ya nuna. Da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗora awon yara da shayar da nono da koyar da abinci a cikin ayyukan ƙananan asibitoci na kowace ƙaramar hukuma.

LAIFIN KOKO MAI RUWA

Darasi na farko da ake koyarwa a irin wannan taro ya shafi kauri ne, kuma shi ne ya fi wuyar karɓuwa. Cikin yaro ɗan wata takwas bai wuce ya ɗauki abin da ƙaramin kofin shayi zai ɗauka ba. Uwa kuwa, don tausayi da gudun kada ya shaƙe, sai ta tsinka masa koko ya yi ruwa-ruwa yadda zai bi maƙogwaro da sauƙi. Yaro ya sha ya ƙoshi, cikinsa ya yi tumbur, uwa ta ga ta ciyad da shi, alhali mafi yawan abin da ya shiga cikinsa ruwa ne. In aka ƙara da cewa an tace gasarar an zubar da dusa, to abin da ya rage bai wuce ɗan sitaci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaron da ke shan nono yana bukatar ƙarin abinci mai ba da ƙarfi na kimanin kalori 200 a rana tsakanin wata shida zuwa takwas, kalori 300 daga wata tara zuwa 11, sa'an nan kalori 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Ta ce a ba ɗan wata shida zuwa takwas abinci sau biyu ko uku a rana, wanda ya fi haka kuma sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Tsinkakken koko ba zai cika wannan lissafi ba ko da yaro zai wuni yana sha.

Saboda haka malamar da ke koyarwa takan ɗebi kunu a cokali ta karkata shi a gaban mata. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya a cokalin yana sauka a hankali, shi ake so. Sa'an nan ta nuna yadda ake ƙara masa cokalin man gyaɗa ko manja, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin ƙuli-ƙuli, ko dakakken busasshen kifi, domin kowane ludayi ya ɗauki ƙarfi ba tare da ya ƙara yawa ba. Akwai kuma wata dabara da masu kunun zaƙi suka riga masana sani: ɗan garin tsiron hatsi, in aka barbaɗa shi a kunu mai kauri yana da ɗumi, sai ya sake shi ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ko ɗigo ba. A ƙasashe irin su Tanzaniya da Indiya an yi shekaru ana koya wa mata wannan dabara domin abincin yaye.

Darasi na biyu shi ne haɗa hatsi da dangin wake. Gero da dawa da masara suna da sinadarin gina jiki, amma kaɗan ne, kuma akwai wani ɓangare nasa da suka gaza a kai, wanda wake da gyaɗa da waken suya ke da shi a wadace. In aka haɗa su sai wannan ya cike giɓin wancan. Waken suya shi ne kan gaba, domin fiye da kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, gyaɗa kuwa kimanin kashi ɗaya bisa huɗu, ga kuma mai. Shekaru arba'in da suka wuce 'yan Arewa kaɗan ne ke cin waken suya, sai dai mutanen Binuwai su noma a sayar. Daga wajen 1987 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa-da-Ƙasa da ke Ibadan, tare da wasu cibiyoyin gida, ta shiga koya wa mata sarrafa shi. Yau ga awara a kowane lungu, yara na saye da canjin makaranta. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa bakin mutane na canzawa in abin ya yi daɗi kuma ya yi araha.

GARIN TOM BROWN

Abincin da ya fi shahara a waɗannan darussa shi ne garin da ake kira Tom Brown. A Jihohin Barno da Yobe ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta tsara shi a bisa awo sananne: mudu shida na hatsi, ko gero ko dawa ko masara ko a gauraya, mudu uku na waken suya, mudu ɗaya na gyaɗa. In abin bai kai mudu ba, a auna da gwangwani, lissafin ɗaya ne.

Aikin yana da wahala, kuma a nan ne amfanin koyarwa da hannu ke fitowa. Za a tsince hatsin a wanke a shanya. Waken suya sai an jiƙa shi, a murje ɓawon, a shanya ya bushe sarai, sa'an nan a soya shi a tukunya har ya yi ƙamshi, domin ɗanyen waken suya na ɗauke da abin da ke hana ciki narkar da abinci, kuma zafin wuta ne ke kashe shi. Gyaɗa ma a tsince, a fid da duk wadda ta yi funfuna ko ta yanƙwane, saboda funfunar gyaɗa na da dafi mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kawar da shi. A soya hatsin sama-sama, a haɗa duka a kai inji. Wasu na sa 'yar citta da kanumfari don ƙamshi. Wajen damu kuwa, a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a yi ta juyawa a kan wuta har ya nuna. Ba irin koko ba ne da za a sheƙa wa ruwan zafi a sauke.

Tsarin da ake bi shi ne a tara mata kamar goma sha biyu waɗanda 'ya'yansu suka fara ramewa, a ƙarƙashin wata mace ɗaya 'yar unguwarsu da aka horar. Su taru su yi garin da hannunsu, kowace ta tafi gida da rabon mako guda, a yi haka har kimanin mako takwas ana auna yaran. Awon kuwa da wata 'yar igiya ce mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. In ta tsaya a kore, watau sama da santimita 12.5, lafiya lau. In ruwan ɗorawa ne, tsakanin 11.5 da 12.5, yaro ya fara shiga hatsari, kuma irinsa ne garin ke yi wa amfani. In ta kai ja, ƙasa da 11.5, ko kuwa ƙafafunsa sun kumbura, to magana ta wuce murhu, sai asibiti. Yanzu ana ba iyaye mata igiyar su riƙa awon da kansu a gida, ko ba su yi karatun boko ba, tunda launi ake dubawa.

Dalilin da ya sa ake zaɓen mace 'yar unguwa a maimakon malamar asibiti a bayyane yake. Matan ƙauye sukan saurari mai fararen kaya cikin ladabi, su amsa da to, su koma gida su ci gaba da abin da suka saba, suna cewa ai ita albashi take ɗauka. Amma in maƙwabciyarsu ce, wadda mijinta bai fi nasu samu ba, kuma ga ɗanta ɓul-ɓul a bayanta, babu sauran hanzari. An gwada wannan a ƙasar Biyetnam a 1990, inda Jerry Sternin da matarsa Monique, ma'aikatan ƙungiyar Save the Children, suka bi gidajen matalauta waɗanda duk da talaucinsu 'ya'yansu ba su rame ba. Suka tarar iyayen na tsinto ƙananan jatan lande da ƙaguwa a fadamun shinkafa, su haɗa da ganyen dankali a abincin yara, abubuwan da sauran mutane ke rainawa, kuma suna ba yaran abinci sau da yawa a rana. Sai aka shirya girkin taro na mako biyu, aka ce kowace uwa kuɗin shigarta shi ne ta zo da ɗan abin da ta tsinto a tafin hannu. Ko a Amurka, shirin koyar da abinci ga iyalai marasa ƙarfi da gwamnatin can ta kafa a 1969 ya dogara ne a kan mutanen unguwa da aka horar, suna bin gidajen 'yan'uwansu.

Abin da ƙasar Hausa ke da shi a madadin jatan lande ba kaɗan ba ne: zogale, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo, kuka, kabewa, fara, daddawa, kindirmo. Sai dai malamai na jan kunne a kan kanwa, wadda ake jefawa a miya da wake don su nuna da wuri, domin tana lalata wasu daga cikin bitamin. Haka kuma shayi, in aka ba yaro tare da abinci, yana hana jiki tsotse sinadarin da ke ƙara jini, alhali lemun tsami da tumatir da gwaba da garin kwalba na ɗan kuka suna taimaka masa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da binciken 2018 ya sami kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara da ƙarancin jini.

UWAR MIJI DA MAI CEFANE

Amarya 'yar shekara goma sha bakwai da ta ji darasi a asibiti ba ita ke da ikon ɗanta ita kaɗai ba. In ta ce an hana ba jinjiri ruwa har sai ya yi wata shida, uwar miji za ta tambaye ta ko ita da ta raini tara a wannan zafi ba ta san kan yara ba. In ta ce dakashi, watau nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin farko, akwai tsohuwar da za ta ce a matse a zubar. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi da sata. A binciken 2018 kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, kuma binciken da ya biyo baya bai nuna wani ci gaba ba.

Malamai masu wayo sun gane cewa ba a cin nasara a kan tsohuwa da gardama. Sukan gayyato ta, su ba ta tabarma a gaba, su ce, Inna, ku ne iyayenmu, a taya mu duba wannan kunu ko ya yi. In ta ɗanɗana ta yaba, ta zama mai tsaron darasin a cikin gida.

Amma babban gagara-badau shi ne maigida. A galibin gidajen Hausawa shi ke cefane, shi ke riƙe da mabuɗin rumbu, shi ke yanke shawarar a sayar da wake da gyaɗa tun da kaka. Tsokar da ke cikin miya kwanonsa take zuwa. Ba abin ɓoyewa ba ne cewa akwai magidancin da zai tsaya teburin mai shayi a soya masa ƙwai uku, ko ya ci tsire a tasha, ya shiga gida ya tarar an ba ɗan shekara ɗaya tuwo da miyar kuka a kwano guda da yayyensa, waɗanda suka fi shi saurin hannu. Koya wa matar irin wannan mutum girki ba tare da an yi magana da shi ba, zuba ruwa ne a rariya. A Jamhuriyar Nijar an kafa abin da ake kira makarantar mazaje a yankin Damagaram tun wajen 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu da 'ya'yansu, kuma a wannan ɓangare ma an fara tara maza a irin wannan zama.

ABIN DA AKA GANI A JIGAWA DA ZAMFARA

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: me koyarwa za ta yi wa matar da ba ta da abin sayen waken suyan? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. An sami amsa mai ƙarfi daga wani shiri da aka gudanar a ƙananan hukumomi biyar, Anka da Tsafe a Jihar Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jihar Jigawa. Gwamnatin Birtaniya ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, aka fara biya a 2014, shirin ya ƙare a 2019.

Duk macen da aka tabbatar tana da ciki ana ba ta N3,500 a kowane wata, kimanin dala 20 a canjin wancan lokaci, daga baya aka ƙara zuwa N4,000, har sai ɗanta ya cika shekara biyu. Ba a gindaya mata sharaɗin yadda za ta kashe ba. Tare da kuɗin kuma aka haɗa da wayar da kai ta hanyoyi da yawa: girkin gwaji a bainar jama'a, jawabin ma'aikatan lafiya, shirye-shiryen rediyo, saƙon murya ta wayar hannu, da huɗubar limamai ranar Juma'a. Shigo da limamai ya sa saƙon ya kai kunnen maza, waɗanda ba za su taɓa zuwa kallon damun kunu ba.

Abin da ya bambanta wannan shiri da sauran shi ne an auna shi da kyau. An raba ƙauyuka 210 ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara cin moriya nan take, wasu aka jinkirta musu, aka bi iyalan ana auna yaransu shekara huɗu. Sakamakon da masana suka buga a 2021 ya nuna tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100. Watau a inda yara 100 za su tsumbure in babu shirin, 92 ne suka tsumbure. An kuma ga iyaye, har da maza, sun ƙara sanin yadda ake ciyad da jariri, yara na cin abinci iri-iri fiye da da, galibin matan su ke riƙe da kuɗin a hannunsu, kuma da dama sun ja jari da shi sun kama sana'a.

Kada mai karatu ya raina kashi 8, domin tsumburewa abu ne mai taurin kai, shirye-shirye da yawa sun kashe maƙudan kuɗi ba su motsa ta ba. Kada kuma ya zuzuta shi, domin ko a ƙauyukan da suka ci moriya fiye da rabin yaran sun kasance a tsumbure. Kuɗi da darasi ba su haƙa rijiya mai tsabta ba, ba su kori zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda ba, waɗanda ke zuƙe yaro komai kyan abincinsa.

Wannan bincike bai raba amfanin kuɗi da na koyarwa ba, tunda tare aka ba da su. Amma an yi wannan rabo a ƙasar Bangaladash tsakanin 2012 da 2014. A arewacin ƙasar an ba wasu mata matalauta kuɗi kawai, wasu abinci kawai, wasu kuma kuɗi tare da darasin abinci na mako-mako. Waɗanda suka sami kuɗi da darasi su kaɗai ne aka ga tsumburewar 'ya'yansu ta ragu a fili, da kusan maki takwas cikin ɗari. Ya kamata jami'an da ke tsara rabon tallafi a jihohi su yi nazarin wannan, haka nan masu shirya taron bita da ake tara mata a yi musu lacca a sallame su hannu rabbana.

TSADA DA JANYEWAR MASU AGAJI

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 lissafin ya ƙara rikicewa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni na shekarar babban mutum ɗaya na bukatar N1,241 a rana kafin ya ci abinci mai lafiya mafi araha. A wata guda ke nan ya haura N37,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024. Wannan bakin mutum ɗaya ke nan. Farashin hatsi ya ɗan sauko a 2025, amma masinja ko leburan ofis mai 'ya'ya shida ya san darasin nan ba na mutanen ƙauye kaɗai ba ne. Ga kuma kuɗin itace da na niƙa, da wunin da mace za ta yi tana suyar wake ta bar sana'arta, waɗanda masu tsara shiri kan manta da su.

Yaron da igiya ta nuna masa ja, maganinsa shi ne abincin nan na leda da aka yi da gyaɗa da madara da sukari da mai da bitamin, wanda wasu Faransawa suka ƙirƙiro a 1996. Kowace leda na da kalori 500, ba ta bukatar ruwa ko wuta. An ga ƙarfinsa a yunwar Nijar ta 2005, musamman a Maraɗi, sa'an nan Nijeriya ta fara raba shi a Jihohin Gombe da Kebbi a 2009. Ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa, amma yana da tsada, kuma masu agaji na waje ne suka daɗe suna ɗaukar mafi yawan nauyinsa. A 2025 Amurka da wasu ƙasashen Turai sun zaftare kuɗin agajin da suke bayarwa. Ban da haka, yaron da ya warke da abincin leda, in ya koma gida ga tsinkakken koko, yakan sake dawowa layi bayan 'yan watanni.

Hukumomi sun fara motsi. Jihar Jigawa na da shirinta mai suna Masaki, wanda ke tara mata a ƙauyuka ana awon yara ana koyar da haɗa abinci daga amfanin gonar gida. Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da wani shiri a watan Fabrairu na 2025 da nufin kai aikin abinci mai gina jiki ga dukan ƙananan hukumomi 774. Abin da zai nuna gaskiyar waɗannan shirye-shirye shi ne ko kuɗin da aka rubuta a kasafi zai fito, kuma ya fito a kan kari. Tamowa ta fi tsananta ne daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, sauro da gudawa kuma suka yi yawa. Waken suya da gyaɗa kuwa sun fi araha a watannin Nuwamba da Disamba. Ƙaramar hukumar da ke son matanta su dama garin Tom Brown da damina, tun da kaka ya kamata sashenta na lafiya ya sayi kayan ya adana a ɗaki mai iska, a kan katako, nesa da laima.